Baba Yaga a littafin yara: muguwa za a yi ta ko mai taimako?

Alƙalamin_Dare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga magana ina so masana su duba. Ƙagaggen labari ne na yara 'yan shekara 9 zuwa 12, an gina shi kan tatsuniyoyi da sihirin Silabawa, wato mutanen Rasha, Yukiren, Folan da danginsu. Yarinya ce 'yar shekara 11, an sace ƙaninta, ta shiga daji nemansa. A ganina Baba Yaga, tsohuwar mayyar tatsuniyoyinsu, ita ce ta dace ta zama babbar muguwar littafin tun daga babi na 1, a ga bayanta a babin ƙarshe. Tana cin yara, shingen gidanta ƙasusuwan mutane ne, to me ya rage? Mai ja ya kawo hujja.

Mai_Gyaran_Rubutu:
Wa alaikumus salam. Ina da ja, Malam. In ka yi ta muguwa zalla ka zubar da rabin amfaninta. Vladimir Propp, manazarcin tatsuniyoyin Rasha, ya kasa fitowarta gida uku: mai sace yara ta gasa, mayaƙiya mai karawa da jarumai, da mai kyauta, wadda ake zuwa bukkarta a fito da doki, ko dunƙulen zare mai nuna hanya, ko shawara. Wani lokaci ma su uku ne 'yan uwa, duk sunansu ɗaya, kowace ta tura baƙo gun 'yar uwarta. Abin da ke hana yaro ajiye littafin shi ne bai san wacce zai tarar ba. Ka sanar da shi tun farko cewa muguwa ce, ka kashe fargabar, sai zaman jiran ranar mutuwarta.

Kuma sanin ka'ida ne ke raba wanda ta ci da wanda ta taimaka. Bukkar na tsaye kan ƙafafun kaza, ta ba mai zuwa baya. Ba a zagayawa a nemi ƙofa. Tsayawa ake a ce mata ta juya bayanta ga daji ta fuskanto mai magana. In an shiga, tsohuwar ta shaƙi iska ta ce tana jin warin mutumin Rasha, ta tambayi abin da ya kawo shi. Wanda ya san kan abin ba ya amsawa. Cewa yake a fara ba shi ci da sha, a haɗa masa wanka, sannan a yi tambaya. Da zarar ta ciyar da shi, magana ta canza.

Gizo_ba_Ƙoƙi:
Wato ko a gidan mayya ma sai an ba baƙo ruwa kafin a ji ta bakinsa. To madalla.

Malama_Zulai:
Kafin a yanke zancen Baba Yaga akwai abin da ya kamata Malam Alƙalami ya warware. Kayan nan rumbu biyu ne. Akwai skazka, tatsuniyar da mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ba ta faru ba. A nan ake samun Baba Yaga, Koshai marar mutuwa, Tsuntsuwar Wuta, macijin nan mai kai uku. Mafi shaharar tarinsu shi ne na Aleksandr Afanasyev, wanda ya fito tsakanin 1855 da 1863, tatsuniyoyi kusan 600. Sai kuma bilichka, gajeren labarin da ɗan ƙauye ke bayarwa yana rantsuwa cewa shi ko maƙwabcinsa ya gani. A nan ne iskoki suke: Domovoi na cikin gida, da Leshi na daji, da Bannik na ɗakin wanka, da Vodyanoi na ruwa, da Rusalka, aljanar kogi.

A bakin mutanen ƙauye rumbunan nan ba su cika haɗuwa ba. Ba wanda ke ajiye wa Koshai madara, amma Domovoi kam an ajiye masa. Marubuci na iya haɗa su, sai dai ya san abin da yake yi. Hanyar da ta fi tafiya daidai: babukan farko a ƙauye da iskokin bilichka, waɗanda kowa a gidan ya yarda da su, sannan a tsallaka wani abu ƙwaya ɗaya, kogi ko bukkar kanta, a faɗa duniyar skazka. In aka zuba su duka a babi na 2 kamar taron biki, yaro ba zai san wa ake tsoro da gaske ba.

Ɗan_Maraɗi_88:
Ni tambayata: wace ƙasa? "Silabawa" fa ba gari ɗaya ba ne. Akwai na gabas: Rasha, Yukiren, Belarus. Na yamma: Folan, Cek, Sulobakiya. Na kudu: Sabiya, Kuroshiya, Bulgeriya da sauransu. Hungari da Romaniya na tsakiyarsu a taswira amma harsunansu ba na wannan dangi ba ne, kada a kwaso nasu. Ita tsohuwar ma sunanta na canzawa: Yezhibaba a wajen Cek da Sulobakiya, Baba Roga a kudu. Aljanin ruwa na Cek yana tara rayukan waɗanda suka nutse a cikin kofuna masu murfi, na Rasha ba a san shi da wannan ba. Vila, aljanar duwatsu mai ƙulla 'yan uwantaka da jarumai, ta Sabiya da maƙwabtanta ce. Ka zaɓi yanki ɗaya da ƙarni ɗaya ka tsaya a kai.

Alƙalamin_Dare:
Arewacin Rasha, ƙauye a bakin daji, wajen 1800. Na karɓi wannan gyaran. Amma har yanzu ba a ba ni wanda zai maye gurbin tsohuwar ba. Littafin yara ba ya tsayuwa ba mugu.

Malama_Zulai:
Tun da arewacin Rasha ne, ai wanda zai ɗauke yaron na nan a shirye: Leshi. Imanin mutanen yankin shi ne, in uwa ta fusata ta ce wa ɗanta "Leshi ya ɗauke ka" a muguwar sa'a, to ya ɗauke shi. Ka ga ke nan laifin na cikin gida. Ka sa yayar ce ta faɗi kalmar da bakinta, ƙanin ya dame ta tana aiki. Yanzu tana da dalilin shiga daji wanda ya fi "an sace ƙanina" nauyi, kuma ba ta iya gaya wa kowa.

Dokokinsa kuma a tsare suke. Tsawonsa na bin abin da ke kusa da shi, cikin daji ya kai bishiyoyi, a fili ya koma daidai ciyawa. Yana kwaikwayon muryar wanda ka sani, ya ja ka ka yi ta dawowa wuri guda. Maganinsa a tuɓe riga a sa ta a bai-bai, a sauya takalma, na dama a hagu. Wanda ya ɗauke kuma, muddin bai ci abincinsa ba, ana sa ran dawowarsa. Sannan ga wa'adi kyauta: ran 4 ga Oktoba a tsohuwar kalanda ake cewa Leshi na haukacewa, ya karya bishiyoyi, ya nutse ƙasa sai bazara. In ba ta karɓo yaron kafin ranar ba, ya tafi da shi.

Kurciya22:
Wannan wa'adin ya yi, Anti Zulai. Amma a kula da kalandar. Rasha ba ta koma sabuwar kalanda ba sai 1918. A ƙarni na 19 tazarar kwana 12 ce, yanzu 13. Shi ya sa za ka ga an ce daren bikin Kupala 23 ga Yuni, wani wuri a ce 6 ga Yuli, alhali dare ɗaya ake nufi. A zaɓi tsohuwar a bi ta har ƙarshe. Mafi sauƙi ma a bar lambobi, a ƙirga da bukukuwa da ayyukan gona yadda 'yan ƙauyen ke yi.

Wani abin da ke lalacewa: mutane na son dusar ƙanƙara a bangon littafi, sai su mayar da labarin hunturu, su manta Leshi ya nutse ƙasa a lokacin. Rusalka ma makonta a farkon damina tasu yake, wajen watan Yuni, lokacin ne take fitowa daga ruwa ta hau rassan bishiya. Ba za ka same ta tana lilo a Janairu ba, kogin ma ya daskare. In hunturu ake so, akwai Morozko mai sanyi, kuma dole a rage yini, domin a wajen Arkhangelsk, birnin arewacin Rasha, hasken rana a Disamba awa 4 ne ko kusa da haka. Yarinya ba za ta yi tafiyar yini guda a cikinsa ba.

Baban_Ilham:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Littafin nan da Hausa za a buga shi, iyayenmu ne za su saya. Duk wannan ajiye wa iskoki abinci da kiran sunayensu, ba kwa ganin wasu za su ce ana koya wa yara tsafi?

Mai_Gyaran_Rubutu:
Tambaya ce mai kyau, Alhaji, kuma gyaranta a rubutu yake. Na ɗaya, a bayyana tun shafin farko cewa tatsuniyar wasu mutane ce a wata ƙasa a wani zamani. Na biyu, kada a rubuta surkulle cikakke da yaro zai haddace. Nasu ana kiransa zagovor, yana da siffa sananniya: a buɗe da ambaton teku da tsibirin Buyan da farin dutse Alatir, a faɗi buƙata, a rufe da zancen makulli da kwaɗo. Ya isa a ce tsohuwa ta yi raɗa a kan ruwa, ta ambaci tsibiri da dutse, ta kulle maganarta. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, jarumar ba matsafiya ba ce. A tatsuniyoyin nan yara ba sa jifa da wuta daga hannu. Abin da ke fitar da su ladabi ne da haƙuri da aiki. A wata tatsuniya, yarinyar da ta tsere daga bukkar Baba Yaga, mai ta zuba wa ƙyauren da ke ƙara, ta ɗaura wa bishiya ƙyalle, ta ba kyanwa nama, ta jefa wa karnuka burodi. Da tsohuwar ta zo tana zagin su don me suka bar ta ta wuce, kowa ya ce shekaru yana mata bauta ba ta taɓa ba shi ko wannan ba. Ban ga uban da zai ƙi ɗansa ya karanta haka ba.

Tsohon_Malami:
In ƙara a kan na Baban Ilham. Mutanen ƙauyen 1800 Kiristocin Otodoks ne, kada a goge wannan don neman "asalin gargajiya". Kowane ɗaki na da kusurwa mai daraja inda ake jera hotunan waliyyansu, baƙo in ya shigo can yake fara fuskanta. Matar da ta yi addu'a a kusurwar ita ce dai za ta ajiye wa Domovoi ɗan fate a bayan tanderu, ba ta ganin saɓani.

Kuskuren da ke yawa shi ne a cika ƙauyen da masu bautar Perun, babban abin bautarsu kafin Kiristanci. Yarima Vladimir ya kafa gumaka a Kiyef a 980, Perun na itace mai kan azurfa da gashin baki na zinariya, da Khors, Dazhbog, Stribog, Simargl da Mokosh. A 988 ya karɓi Kiristanci, aka ja Perun aka jefa a kogin Dnieper. Tsakanin nan da labarinka shekara fiye da 800 ne. Kuma abin da aka rubuta game da allolin nan kaɗan ne, masu bautarsu ba su bar littafi ba. Yawancin dogayen bishiyoyin nasaba da ake gani a intanet ƙirƙirar baya-bayan nan ce. Akwai ma wani rubutu da ake kira Littafin Veles, wanda masana suka tabbatar jabu ne. A nisance shi.

Baban_Ilham:
Na gamsu da na biyu da na uku. Na farkon kam sai an ga yadda aka rubuta shi.

Hajiya_Mai_Zane:
Bari in yi maganar hotuna da kayan ɗaki, don nan ake gane wanda bai yi bincike ba. Baba Yaga ba ta sa doguwar hula mai tsini, ba ta hawa tsintsiya. Ɗankwali take ɗaurawa. Abin hawanta turmi ne na itace, dogo, irin na daka hatsi, kusan namu sak. Tana tuƙi da taɓarya, tsintsiyar ta share sawu ce. Ƙafarta ɗaya ƙashi ce. In tana kwance a bukka ta cika ta daga kusurwa zuwa kusurwa, hancinta na taɓa rufi.

Ɗakin manomi na gungumen itace ne da aka jera a kwance, an toshe tsakaninsu da gansakuka. Tanderun ɗaka na yumɓu ko bulo ya cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin. A ciki ake toya burodi da dafa miya, a kansa tsofaffi da yara ke kwana. A gidajen talakawa da yawa babu bututun hayaƙi, hayaƙin ta ƙofa da 'yar taga yake fita, don haka saman bangon baƙi ƙirin ne. Fitila kuma tsinken itace ne busasshe da ake maƙalawa a ƙarfe, a ajiye ruwa a ƙasa saboda garwashin da ke faɗowa, kuma sai an riƙa sauya shi a kai a kai. Babu ashana a 1800. In wuta ta mutu sai ƙyastu ko a je ɗebo a maƙwabta, shi ya sa aiken Vasilisa, yarinyar wata sananniyar tatsuniya, ɗebo wuta gun tsohuwar bai zama baƙon abu ga masu sauraro ba.

Abubuwan da ba a sakawa: 'yar tsanar nan mai 'ya'ya a ciki, sai shekarun 1890 aka fara ta. Dankalin Turawa bai zama abincin kowa ba tukuna, har bore manoma suka yi a shekarun 1830 da 1840 da aka tilasta musu shuka shi. Tukunyar shayi samovar an fara sana'arta a garin Tula a 1778, amma a 1800 ba kayan talakan ƙauye ba ce. Abin da ke kan teburi: baƙin burodi, miyar kabeji, faten hatsi da suke kira kasha, kifi, naman kaza na daji, zuma, da kvas, abin sha da ake yi da burodi.

Gizo_ba_Ƙoƙi:
Hajiya, "naman kaza na daji" ɗin nan a fayyace wa yara cewa tsiro ne, kada su zaci ƙafar bukkar aka yanko.

Sani_Fassara:
Sunaye ma ana tafka kuskure. Ba wanda zai kira yarinya 'yar 11 da cikakken suna a gida. Mariya Masha ce, uwarta in tana lallashi ta ce Mashenka, in tana faɗa ta ce Mashka. Ivan Vanya ne ko Ivanushka. Babba kuma da sunansa da na ubansa ake girmama shi: Ivan Petrovich, Anna Petrovna. Tsofaffin ƙauye sau da yawa da sunan uban kaɗai ake kiransu, Petrovna. Amma ga mai karatu ɗan shekara 9, mutum ɗaya suna uku ruɗani ne. Ba kowa suna ɗaya, jarumar kaɗai a ba ta biyu, na kullum da na lallashi, sai na lallashin ya zama makami: Leshi ya kira ta da shi da muryar uwarta.

Domovoi kuma ba a kiran sunansa gatsau a cikin gida. "Kaka" ko "maigida" ake ce masa. In za a tashi zuwa sabon gida sai an gayyace shi, a ɗebi garwashin tsohon tanderu a tukunya, ko a ja tsohon takalmin ɓawon itace a ce ya hau. In aka manta shi, sabon gida ba lafiya, tsohon kuma a riƙa jin kuka.

Alƙalamin_Dare:
Ina rubutawa duk. To Koshai fa? Wasu sun ce shi ya fi dacewa da babban mugu.

Ɗan_Maraɗi_88:
Koshai na da matsala biyu a littafin 'yan 9 zuwa 12. Sana'arsa satar amare, labarinsa na aure ne. Sai kuma tsadar kashe shi. Mutuwarsa na kan allura, allura cikin ƙwai, ƙwai cikin agwagwa, agwagwa cikin zomo, zomo cikin akwati, akwati a wata ƙatuwar bishiya. Da an fasa akwatin zomo ya zura, an kama zomo agwagwa ta tashi, an bugo agwagwa ƙwai ya faɗa teku. Kowane mataki sai da mataimakinsa: mai tumɓuke bishiya, mai kamo zomo, mai bugo agwagwa, kifin da zai ɗauko ƙwai. Su huɗun nan dole jarumar ta yi musu alheri a babukan baya, babi guda-guda. In ba a shuka su ba suka faɗo a ƙarshe, yara sun gane an yi musu wayo. Kuma lura, a tatsuniyar, wa ke gaya wa jarumi inda mutuwar take? Baba Yaga. In ka kashe ta ka rasa mai ba da labari.

'Yar_Birni:
Ni dai ina bayan Malam Alƙalami, kun taru kun yi masa yawa. Yara na son su ga an gama da wanda ya tsorata su. Kuma ba ƙarya ba ne a al'adar. Akwai tatsuniyar yaron da aka ce ya hau faffaɗan katakon zura burodi, ya yi kamar bai iya ba, ya baje hannu da ƙafa, ya ce a nuna masa. A wasu ruwayoyin 'yar tsohuwar ce ta hau aka tura ta tanderu, a wasu bayan 'ya'yanta uku ita kanta ta hau. Ga ta dinyoyin da ke mata satar yara, wadda ita ce ma ta fi kama da tsarinsa: yarinya ta bar ƙaninta ta tafi wasa, suka sure shi. A can ba wata kyauta, gudu ne kawai. Don haka muguwa zalla ma asali ce.

Mai_Gyaran_Rubutu:
Gaskiyarki, 'yar uwa, ba a musa ba. Amma tatsuniyar dinyoyin shafi biyu ce. Ja ta zuwa babi 24 ki ga ko mugunta ɗaya za ta riƙe. Ga yadda zan kasa shi in kalma 36,000 ce, babi 24, kowane wajen kalma 1,500:

Babi 1 zuwa 4 a gida: hani, karya hanin, ɓatan yaron, Domovoi ya ba da alama. Propp ya ƙirga matakai 31 a irin waɗannan tatsuniyoyi a littafinsa na 1928, kuma hani da karya shi na cikin na farko-farko. Babi 5 zuwa 10 a daji, haɗuwa uku. Babi 11 zuwa 15 a bukka, dare uku, aiki uku. Babi 16 zuwa 20 gun Leshi. Sauran huɗun gudu da komawa.

Inda ake faɗuwa shi ne maimaicin uku. A baki yana da daɗi, a takarda yana gundura. Na farko a ba shi babi cikakke, na biyu rabin babi, na uku a juya shi ya zo ba yadda aka zata ba. Kayan sihiri ma kada su wuce uku, kowane amfani ɗaya: mataji a jefa baya ya zama kurmi, tawul ya zama kogi, dunƙulen zare ya nuna hanya ya ƙare. In aka sa ruwan rai, a tuna biyu ne kuma da tsari: ruwan mutuwa ake fara yayyafawa ya haɗe sassan jiki, sannan ruwan rai ya tayar. Sau ɗaya tak a littafi, in ba haka ba mutuwa ta daina ba da tsoro.

Kurciya22:
36,000 ta yi yawa ga yaran da ba su saba dogon karatun Hausa ba, ga kuɗin takarda. A yi 20,000 zuwa 24,000, babi 20, kowane a karance shi a zama ɗaya, da hoto ɗaya a kowane babi biyu.

Tsohon_Malami:
Makiyayin ƙauye fa, ba wanda ya ambace shi. A arewacin Rasha shanu a daji suke kiwo, kuma an yi imani makiyayi na ƙulla yarjejeniya da Leshi tun ranar da aka fara fitar da garke, 23 ga Afrilu a tsohuwar kalanda. Ladan ƙwai ne ko saniya guda. A tsawon damina an hana shi wasu abubuwa, kamar aski, tsinkar 'ya'yan itacen daji, ba da hannu a gaisa. Ya karya ɗaya, dabba ta ɓata. Wannan shi ne babban mutumin da yarinyar za ta fara zuwa gunsa, ya san hanya amma bakinsa a ɗaure. Ya fi a ƙirƙiro wani boka mai dogon gemu wanda ba na wurin ba.

Hajiya_Mai_Zane:
Sai batun tsoro, tun da 'Yar Birni ta kawo tanderu. Shingen ƙasusuwa da ƙoƙunan kai masu ido na wuta ana iya faɗa a rubutu, 'yan shekara 10 na ɗauka. A hoto a nuna su daga nesa, haske kawai a kan sanduna. Ƙona kishiyar uwa da 'ya'yanta har su zama toka, yadda ƙoƙon kan ya yi a labarin Vasilisa, wannan ya yi wa 'yan 9 nauyi. Rusalka mai kashe mutum da cakulkuli kuma yara dariya suke fara yi, daga baya abin ya dame su. In an sa ta a ba jarumar maganin a hannu tun kafin su haɗu, ganyen nan mai ɗaci dangin tazargade.

Alƙalamin_Dare:
To ga inda na tsaya yanzu. Leshi ne ya ɗauke yaron, da kalmar bakin yayarsa. Baba Yaga na tsakiya, babi biyar. Amma ban haƙura da muguntarta ba. Ina so ko da ta ba da taimakon, ta biyo yarinyar a turmi a babukan ƙarshe.

Malama_Zulai:
Zai yiwu, in ka ba ta dalili daga dokarta. A labarin Vasilisa tsohuwar ta yarda a yi mata tambaya, ta yi gargaɗin cewa yawan sani na tsufar da mutum. Yarinyar ta tambayi mahaya uku da ta gani a hanya, fari da ja da baƙi, aka ce mata safiya ce da rana da dare. Hannaye ukun nan bibbiyu da ke aiki a cikin bukka ba jiki kuwa ba ta tambaya ba, tsohuwar ta ce ta kyauta, domin masu tambayar abin cikin gida cinye su take. Ka sa jarumarka ta ci duka ayyuka uku, ta karɓi kyautar, tana bakin ƙofa ta kasa daurewa ta yi tambayar da aka hana.

'Yar_Birni:
In ta biyo ta kuma ba a kashe ta ba, me aka yi ke nan? Kogi ya tare ta, ta ciji yatsa ta koma gida?

Ɗan_Maraɗi_88:
Haka dai take ƙarewa a ruwayoyi da dama. Kogin tawul ta kawo shanunta suka shanye, kurmin mataji ta yi ta gwaguya ta kasa, ta juya. Amma a lura da jerin: tawul ake fara jefawa, mataji daga baya, kuma kafin kowane sai yarinyar ta kara kunne a ƙasa ta ji kusantowar turmin. In Malam zai bi shawarar Kurciya ta babi 20, gudun nan babi biyu ya ishe shi, sai a rage na bukka daga biyar zuwa huɗu.

'Yar_Birni:
A rage na daji dai, na bukka kada a taɓa. Kuma ni har yanzu ina nan kan tanderu.